Ƙaura da ƙyallaye a tsakiyar damina: yadda wata mai ɗinkin bargo ta kwashe kayanta daga Birnin Kebbi zuwa Yawuri

Wannan bayani ne a kan ƙaura guda ɗaya, ta wata mai ɗinki a Birnin Kebbi da aiki ya mayar da maigidanta Yelwan Yawuri a cikin watan Agusta. Hajiya kowa ke ce mata a unguwa, haka ni ma zan kira ta. Ƙanwata na cikin masu koyon ɗinki a wurinta, ta nan na shiga aikin ɗaurin kaya, daga baya kuma na je Yelwa na ga yadda suka sauka. Gado da kujeru da tukwane ba su ba kowa wahala ba, an ɗaure an loda. Abin da ya ci makonni, ya jawo gardama tsakanin mata da miji, ya kuma jawo 'yar asara, shi ne abin da ke cikin ɗakin ɗinkinta.

Hajiya ba riga da zane take ɗinkawa ba. Sana'arta bargon haɗi ce, da zanen gado da rigunan filo na ɗakin amarya, da shimfiɗar jarirai. Bargon hawa uku ne: fuska, wadda ake haɗawa daga ƙananan ƙyallaye masu launi daban-daban, ciki, na auduga ko fayiba, sai baya, na yadi guda. A ɗora su, a bi su da ɗinki layi-layi don kada cikin ya dunƙule. Masu cewa aikin baƙo ne a ƙasar Hausa su dubi lifidin da ake sa wa dawaki a hawan salla, shi ma yadi biyu ne da auduga a tsakani aka bi da ɗinki. Abin da ya bambanta na Hajiya shi ne fuskar, kuma fuskar nan ita ke sa mai wannan sana'a ta zama mai tara yadi ko ba ta so.

Abin da ke cikin ɗakin

Wanda bai san aikin ba, in ya leƙa cewa zai yi tsummoki aka jibge. Alhali kayan kashi-kashi ne, kowane kashi da abin da yake tsoro a hanya.

Akwai turamen atamfa da almakashi bai taɓa ba, yadi shida-shida. Yawancinsu jari ne da take sarowa daga Kantin Kwari a Kano, amma akwai wasu da ba na sayarwa ba ne kuma ba na yanka ba: Holan ta Vlisco, kamfanin nan da aka kafa a garin Helmond a 1846, Ingila ta ABC, ta lokacin da ake buga ta a Ingilar kafin a mayar da aikin Gana, da 'yar Kaduna ta zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana. Wasu tun na lefenta ne. Akwai shadda Getzner da leshi mai duwatsu kaɗan. Sai guntaye, ragowar yadi ɗaya ko biyu da suka saura bayan an gama aiki. Sai ƙyallaye, waɗanda take saye buhu-buhu a wurin teloli ta zauna ta ware su launi-launi, su ne suka fi komai yawa. Sai yankakku, wato ƙyallayen da an riga an yanka su murabba'i da kusurwa uku, an jera su don wani bargo da ake cikin ɗinkinsa. Sai kayan mutane, amanar da aka kawo mata. A gefe guda kuma ga fayiba da farin yadin baya da zare da kekuna biyu.

Gardamar farko a kan ƙyallayen aka yi ta. Malam, maigidan nata, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, wanga tarin tsumma duk sai mun biya mota mun kai shi Yawuri? Can babu teloli?"

Ta ce, "Teloli akwai su, Malam. Abin da ni tara ne babu can."

A ganina kowannensu na da gaskiyarsa. Gaskiyar Hajiya ita ce, mai bargon haɗi ba yawan ƙyalle take tarawa ba, launi take tarawa. Ja kaɗai tana da shi iri-iri, daga mai duhu kamar zoɓo har wanda ya kusa komawa ruwan goro, kuma da yawa zanensu an daina bugawa. Buhun da za ta saya gobe a Yelwa zai zo mata da abin da ake yayi a bana ne kawai. Gaskiyar Malam kuwa, yadi nauyi gare shi. Turmi ɗaya yakan yi tsakanin rabin kilo da kilo guda gwargwadon kaurinsa, ƙyalle kuwa in aka danna shi a buhu ya fi yadda ido ke zato nauyi nesa ba kusa ba. Kuɗin mota kuma ba ya bambanta Holan da tsumma.

Abin da ya raba gardamar ma'auni ne. Mafi ƙanƙantar murabba'in da Hajiya ke amfani da shi inci huɗu da rabi take yanka shi, ya koma inci huɗu bayan ɗinki ya ci gefe-gefe. To duk ƙyallen da bai rufe tafin hannu da yatsu ba, ba zai ba da ko ɗaya ba. Aka zauna aka tace da wannan ƙa'ida, sai dai dogayen sirara da ke shiga a matsayin baki, su an bar su. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya fita. Masu ɗan dama-dama 'yan koyo suka raba, ƙanana aka ba wata mai cusa filo, sauran wani makanike ya kwashe don goge hannu. Malam bai ƙara magana ba, ita ma ba ta yi kewar ko guda ba.

Jaka, buhu da littafi

Akwatunan ƙarfe biyu gare ta tun na aure, a ciki aka sa turamen da ba na yanka ba. Akwatin ƙarfe yana hana ɓera da gara, amma yana tsatsa ta ciki, musamman a kusurwa da wajen ƙusoshi, tsatsa kuma in ta kama auduga sai ta ci wurin. Saboda haka aka shimfiɗa tsohon farin zanen gado wankakke ya rufe ƙasa da gefe kafin a jera. Wata 'yar koyo ta kawo tsofaffin jaridu don a shimfiɗa, Hajiya ta hana, domin tawadar jarida tana bin yadi in ta ji zafi da laima. Shadda da leshi ba a ninke su ba, naɗe su aka yi a jikin kwalin da ke zuwa a tsakiyar bandir, saboda shaddar da ta sha bugu in ta daɗe a ninke ƙarƙashin nauyi layin ninkin yakan zauna, duwatsun leshi kuma sukan ja zaren maƙwabcinsu.

Sauran kaya jakar Gana-mas-go aka saya musu, matsakaita ba manya ba. Aka aro sikeli a wurin wani maƙwabci mai sayar da shinkafa, aka tsayar cewa kowace jaka kada ta wuce kilo 20. Babbar jaka tana iya cin fiye da ninkin haka, amma zif ɗinta da hannunta ba za su ɗauka ba, ɗan dako kuma in kaya ya fi ƙarfinsa ja yake yi a ƙasa, ƙasar Agusta kuwa taɓo ce. Buhunan da babu komai a ciki ba sa wuya a Kebbi, ƙasar noman shinkafa, an kuma kawo su kyauta. Na taki an mayar da su nan take: takin yuriya yana jan ruwa daga iska, ɗan burbushin da ya maƙale a saƙar buhun ya isa ya jiƙa abin da ke ciki. Na shinkafa an karɓa don fayiba kaɗai, bayan an juye su an wanke, domin ƙurar dusa kiran ɓera take yi.

Dabarar da ta fi burge ni ta ɗiyar Hajiya ce, ɗaliba a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru. Ta sayo littafin makaranta, kowace jaka ta ba ta shafi da lamba, ta rubuta lambar da babban alƙalami a gefe biyu na jakar da kuma samanta. A shafin ba ta tsaya rubuta "ja" ko "shuɗi" ba, sai ta yanko ɗan ƙyalle kamar farce daga manyan abubuwan da ke ciki ta ɗinke shi a takardar. Turame kuma ta kwafi suna da lambar zanen da ke rubuce a bakin atamfar, ta ɗauki hoton kowace jaka da waya kafin a ja zif. Uwar ta fara yi mata dariya, "Ke ɗiyar nan, boko kika kawo muna cikin ɗinki?" Kwana biyu bayan haka ita ke cewa a miƙo mata littafin. A bangon baya aka jera lambobin jakunkuna bisa wadda za a fara buƙata in an sauka. Wannan jeri zan dawo kansa, domin ya yi amfani, ya kuma yi ɓarna.

Yankakku

Nan ne dukiyar da ba ta gani da ido take. Bargon gado mai ƙafa shida da shida, in aka bar masa inci takwas ya sauko ta kowane gefe, faɗinsa inci 88 ne, tsawonsa 88. Da murabba'in inci huɗu, layi 22 ke nan, kowane layi guda 22, jimla 484. Hajiya takan shimfiɗa su duka a kan tabarma, ta yi ta ɗaga wannan tana sauya wancan har sai idonta ya kwanta, wani lokaci aikin yini biyu. In aka tattara su aka zuba a leda, ba a yi asarar ko zare ɗaya ba, amma yini biyun nan sun tafi, kuma ba lalle ne jerin ya sake fitowa yadda yake ba. Irin waɗannan barguna uku ne a shimfiɗe ko a rabin ɗinki lokacin da maganar ƙaura ta zo.

Yadda aka yi da su: a ɗauki layi ɗaya daga hagu zuwa dama, a ɗora kowane murabba'i a kan na bayansa, na farko a sama. A zura allura da dogon zare ta tsakiyar tarin, a haɗa da 'yar takarda mai lambar layin, a ƙulla sako-sako. Layi 22, ƙulli 22, a jera su a kwalin takalmi. Ba a sa fil ko allurar maƙalawa ba, domin a damina kwana kaɗan suke yi su yi tsatsa su bar ɗigo biyu a yadi. Masu kusurwa uku sun fi neman lallaɓawa, saboda dogon gefensu a karkace aka yanka shi da saƙar, da an ja shi ko an murɗe sai ya miƙe ya ƙi komawa, in an zo haɗawa baki ba zai haɗu da baki ba. Su an sa su tsakanin kwali biyu an ɗaure da tsumma. Waɗannan kwalaye ba su hau babbar mota ba, a ƙaramar motar da ta ɗauki iyali suka tafi.

Kayan mutane ba su ɗauki dogon lissafi ba. Hajiya ta bi masu su gida-gida: wanda aikinsa ya kusa ƙarewa ta ƙarasa, wanda ba a taɓa ba ta mayar da shi tare da kuɗin kafin alƙalami. Wata dattijuwa ce kaɗai ta ƙi karɓa. Zannuwan mahaifiyarta marigayiya ne ta kawo a haɗa wa jikarta bargon aure. Ta ce, "Ɗiyata, ke na ba, ba garin na ba ba. Ki tahi da su, in kin ƙare ki aiko." Su ma a ƙaramar mota suka tafi, a ƙullin zane.

An yi 'yar muhawara a kan kafur. Al'ada ce a watsa shi a akwati, kuma yana korar kyankyaso da ɗan ƙwaron nan mai ruwan azurfa da ke cin takarda, waɗanda sitacin shadda da na sabuwar atamfa ke jawowa. Asu da ake yawan tsoro ya fi damuwa da ulu, auduga ba ta cika gabansa ba. A akwatunan ƙarfe an sa kafur, a ƙulle cikin ƙyalle don kada ya taɓa yadi. Amma Malam, da yake ma'aikacin lafiya ne, ya hana a sa shi a duk jakar da za a yi shimfiɗar jarirai da kayanta. Farin ƙwallon nan da ake sayarwa a kasuwa yawancinsa naftalin ne, kuma akwai jariran da aka haifa da wani rauni a jini wanda warinsa kaɗai kan fasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani, raunin kuma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Aka sa busasshen ganyen dogon yaro da kanumfari a ƙulli a madadinsa. Ba su kai kafur ƙarfi ba, amma na 'yan makonni ne.

Wankin da bai kamata a yi ba

Ƙa'idar Hajiya ce ba ta yanka ƙyalle sai ta wanke shi. Dalilin sananne ne: auduga tana shiga a wankin farko, kuma ba kowane yadi ke shiga daidai da ɗan'uwansa ba, sannan wasu jajaye da shuɗɗa suna zuba. In aka haɗa su ba a wanke ba, ranar da amarya ta fara wanke bargonta zai tattare, fari kuma ya rine. Ƙa'ida ce mai kyau. Sai dai akwai buhu biyu na sababbin ƙyallaye, galibi masu haske, da aka saya ba a kai ga wankewa ba. Ana saura 'yan kwanaki a tashi, 'yan koyo suka ce bari su rage mata aiki tun suna tare, ita kuma ta yarda domin ba ta san yadda ruwa yake a sabon gidan ba. Wata tsohuwa maƙwabciya da ta shigo sallama ta ga ana shanya ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, aka yi dariya aka ci gaba.

Ranar da aka wanke hadari ya haɗu, washegari ma rana ba ta fito sosai ba. Aka ƙarasa shanya a igiya cikin baranda, da dare aka bi su da dutsen guga. A hannu sun bushe. Da ɗuminsu aka zuba su a manyan baƙaƙen leda, aka ƙulle baki tam don tsoron ruwan hanya, aka sa a jaka biyu.

Abin da ya faru a cikin ledar ba asiri ba ne. Auduga ko ta bushe ƙayau tana riƙe da ruwa kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinta, in iska ta yi laima kuma ta ƙara sha. Jakar kilo 20 ke nan tana ɗauke da ruwa fiye da lita ɗaya da rabi ko da lafiyarta ƙalau, balle wadda ta sha wanki ta bushe a inuwa. Guga yana busar da fuskar yadi, amma inda aka ninka da inda ƙyalle ya yi kauri tururin na nan. In aka rufe shi a leda, rana ta dafa shi a ƙarƙashin tamfol, ruwan ya tashi. Dare ya yi sanyi, ya sauka a jikin ledar ta ciki ya koma cikin yadin da ke manne da ita. Fumfuna ba ta neman abin da ya wuce haka, kwana biyu zuwa uku sun ishe ta ta fara.

Hanya

Motar ɗaukar kaya ƙirar Kanta aka ɗauka haya. Da ta iso aka tarar albasa ta sauke, abin da ba mamaki ba ne a jihar da take da Aliero, garin noman albasa, ga kuma ɗigon baƙin mai a daɓen. Aka share aka wanke, aka bari ya sha iska, aka shimfiɗa leda, aka ɗora katakan gado a kai, sannan tabarma. Jakunkunan yadi a tsakiya aka jera su, kujeru da katifu suka kewaye su, jarkar manja da ta kalanzir aka kai can bakin ƙofar baya. An cire kawunan kekunan ɗinki daga ƙafafunsu, an naɗe su da tsumma an sa a kwali daban, saboda man keke yakan tsiyayo in an kwantar da shi. Hajiya ta sa an ɗaga tamfol ɗin direba sama ana dubawa ta hasken rana, aka ga huji biyu aka liƙe. Direban ya ce, "Hajiya, ko amarya ba a yi wa hakanga." Rasiɗan turamen da ta saro suna cikin jakar hannunta, domin Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, kuma mota mai ɗauke da sababbin atamfofi ba laifi ba ne in jami'an hanya sun tambayi inda suka fito.

Da sassafe aka tashi don a riga hadarin yamma, ta Kalgo da Jega, a miƙe kudu ta Maiyama da Koko. Ruwa ya same su bayan Koko. Iska ta ɗaga kusurwar tamfol ɗaya, ruwa ya bi ta nan ya sauka a kan jaka guda. Ba a lura ba sai wajen saukewa, aka ga gefenta a jiƙe, aka goge aka shigar da ita ɗaki tare da sauran.

Inda ɓarnar ta auku

Mutane in suna ba da labarin nan cewa suke yi ruwan hanya ya ɓata wa Hajiya kaya. Ni ban yarda ba. Hanya yini ɗaya ce. Kwanakin da suka biyo bayan sauka su suka yi aikin.

Yelwa ba Birnin Kebbi ba ce wajen laima. Kudancin jihar yakan sami ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, arewacinta wajen 800, ga garin a bakin kogin Kwara, inda ruwan ya faɗaɗa tun da aka gama madatsar Kainji a 1968. Ɗakin da aka ware don ɗinki kuma sabon filasta aka yi masa kafin su zo, siminti kuwa yakan yi makonni yana fitar da ruwa. Aka jibge jakunkunan a ƙasa, a jingine da bango, aka rufe taga saboda sauro. Sai hidimar sabon wuri ta taso: gaisuwar maƙwabta, neman makarantar yara, gyaran kicin.

Hajiya ba ta yi watsi da kayan ba. Littafin ta bi, tana buɗe jaka bisa jerin da ke bangon baya: zare da almakashi, farin yadin baya, jajaye don bargon dattijuwar nan. Littafin ya yi aikinsa, ba ta taɓa zazzage jaka uku don neman abu ɗaya ba. Amma jerin na abin da za a fara buƙata ne, ba na abin da zai fara lalacewa ba. Sababbin ƙyallayen da aka wanke babu mai neman su da gaggawa, don haka su ne a can ƙasan jeri. Sai da aka haura mako wari ya fara tashi a ɗakin, aka bi shi har jakunkunan biyu. Da aka kwance ledar, ƙyallayen da ke jikinta sun yi ɗigo-ɗigo baƙi da toka-toka, na tsakiya sun tsira da wari kawai. Jakar da ruwa ya taɓa ita ma ba a buɗe ta ba sai ran nan. Ba ta yi fumfuna sosai ba domin babu leda a cikinta, ta ɗan sha iska ta saƙar jakar, sai dai wani jan yadi mai zuba ya kwanta a kan farin guntu mai yadi biyu ya buga masa zanensa.

Da a ce shafin bangon nan yana da layi na biyu, na jakar da ta jiƙe da jakar da aka rufe da ɗumi, aka buɗe su daren da aka sauka, da abin bai wuce shanya ba. Haka kuma leda: a waje take da amfani, a lulluɓe jaka da ita na tsawon hanya a cire da an isa. A ciki, a ƙulle, tarko ce. Jakunkunan da aka sa musu tsohon zane a ciki maimakon leda ko ɗaya bai yi komai ba, alhali ɗaki ɗaya suka kwana, bango ɗaya suka jingina.

Gyara ya ci kwanaki. A tsakar gida aka kakkaɓe su da buroshi, ba a ɗaki ba, don kada ƙurar fumfunar ta sauka a kan sauran kaya, mai kakkaɓar kuma ta rufe hanci. Aka jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, aka wanke, aka jira ranar da rana ta buɗe aka baza. Masu ɗigo kaɗan lemun tsami da gishiri da rana sun fitar da su. Bilic farare zalla aka sa wa, domin a kan atamfa zanen yake ci kafin ya ci tabon. Waɗanda ɗigon ya zauna, an yanke wurin an ɗauki abin da ya saura, wannan kuwa sauƙi ne da mai bargon haɗi take da shi wanda mai ɗinkin riga ba ta da shi. Amma Hajiya ta riƙa jan kowanne da hannu biyu kafin ta ajiye, domin fumfuna cin zaren take yi, wanda ya yi rauni zai yage a wanki na uku ko na huɗu a gidan mai saye. Abin da aka zubar a ƙarshe ya kai kusan rabin jaka. Farin guntun da ya rine bai koma fari ba, ta ajiye shi don bayan shimfiɗar da za a yi amfani da ita a gida.

Turamen akwati, shadda, leshi, yankakku da amanar dattijuwa duk sun isa lafiya. Barguna ukun da aka ƙulla layi-layi an ci gaba da ɗinkinsu daga inda aka tsaya, ba a sake shimfiɗa ko ɗaya a tabarma ba.

Ɗakin ma an sake masa tsari. Kafinta ya buga kanta mai hawa huɗu, hawan ƙasa ya tashi daga daɓe kamar taƙi biyu saboda gara da sanyin siminti, bayanta kuma an bar tazarar hannu tsakaninta da bango. Guntaye an naɗe su a kan yankakken kwali an tsayar da su a jere yadda masu shago ke yi, ana ganin kowanne ba sai an ɗaga na sama ba. An rataya labule a gaban kantar, domin hasken taga yana kashe launi a layin ninki, hunturu kuma in ya shigo ƙura ce za ta maye gurbin laima. Bargon jikar dattijuwar ya makara da mako biyu a kan alkawari, an ba direban motar haya a tasha ya kai shi Birnin Kebbi ana saura kwanaki kaɗan a yi jere.